Bitamin E da C a kan cutar karkarwa da 'yan'uwanta: tambayoyi da amsoshi

Duk gidan da ke da dattijo mai rawar hannu, ko yaron da tafiyarsa ta fara tangaɗi, ba ya rasa masu ba da shawara. Cikin shawarwarin da suka fi yawo har da cewa a sayi bitamin "masu gyara ƙwaƙwalwa", musamman bitamin E da C da wani sinadari mai suna CoQ10. Maganar ba daga sama ta faɗo ba. Manyan likitocin jijiyoyi sun taɓa ɗora mata buri, sun kuma kashe shekaru da dukiya wajen gwada ta. Ga abin da gwaje-gwajen suka nuna.

Waɗanne cututtuka ne ake magana a kansu?

Cututtuka ne da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ko na laka masu kula da motsi ke mutuwa a cikinsu sannu a hankali. Wadda aka fi sani ita ce cutar Parkinson, da mutane ke kira cutar karkarwa. Sunan ya samo asali ne daga James Parkinson, wani likitan Landan da ya bayyana ta a rubuce a 1817. Ita ce cutar da aka tabbatar wa ɗan dambe Muhammad Ali a 1984, ya kuma rayu da ita har rasuwarsa a 2016. Alamominta sun haɗa da rawar hannu lokacin da mutum ke zaune bai yin komai, sanƙarewar gaɓoɓi, nawar motsi, jan ƙafa wajen tafiya, da fuskar da ta daina nuna fara'a ko ɓacin rai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa sama da mutum miliyan 8.5 ne ke ɗauke da ita a 2019.

Akwai kuma cutar Huntington, wadda ake gada, mai sa jiki fizge-fizge kamar ana rawa ba kiɗa, tare da taɓa tunani da hali. Sai dangin cututtukan da likitoci ke kira ataksiya, inda mutum ke rasa daidaiton jiki, yana tafiya kamar mai maye alhali bai sha komai ba. Wasu kan haɗa da cutar ALS, wadda ta zaunar da masanin kimiyya Stephen Hawking a keken guragu, duk da cewa ita jijiyoyin da ke umartar tsoka take kashewa.

Me ake nufi da bitamin masu kare jiki daga "tsatsa"?

Ka lura da ƙarfen da aka bari a waje yana yin tsatsa, ko man gyaɗan da ya daɗe a kwalba ya canza wari. Iskar oksijin ce ke yin wannan aiki. A cikin jikinmu ma, duk lokacin da ƙwayoyin jiki suka ƙona abinci da oksijin don samar da ƙarfi, akan sami wasu ɓurɓushin sinadarai masu zafin nama da ke kai hari ga kitse da furotin da ƙwayoyin gado. Jiki yana da dakarunsa na kashe su, wasu shi yake ƙera su, wasu kuma daga abinci suke zuwa. Waɗannan ne ake kira antioksidan.

Bitamin E a cikin kitse yake zama, yana gadin fatar da ta lulluɓe kowace ƙwaya. An gano shi a 1922 a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, inda Herbert Evans da Katharine Bishop suka ga ɓerayen da suka rasa shi ba sa iya haihuwa. Bitamin C a cikin ruwan jiki yake aiki, kuma yakan farfaɗo da bitamin E bayan ya gama fafatawa. Sai beta-karotin, mai ba karas da manja launinsu, wanda jiki ke mayarwa bitamin A. Shi CoQ10 ba bitamin ba ne, domin jiki na yin nasa, amma a kanta ɗaya ake jera su.

Me ya sa tun farko aka yi zaton za su yi maganin cutar karkarwa?

Dalilan suna da ƙarfi. Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana lashe kusan kashi 20 cikin 100 na oksijin ɗin da muke shaƙa, ga ta kuma cike da irin kitsen da ke saurin lalacewa. Wurin da cutar Parkinson ke ci wani ɗan yanki ne mai duhu a tsakiyar ƙwaƙwalwa, inda ake yin sinadarin dofamin, wanda ke taimakawa wajen sarrafa motsin jiki. Shi kansa dofamin idan yana rushewa yakan haifar da waɗancan ɓurɓushi masu cutarwa. Da aka bincika ƙwaƙwalen waɗanda suka rasu da cutar, an tarar da sinadarin ƙarfe ya taru a wurin fiye da ƙima, babban mai kare ƙwayoyin da ake kira gulutatayon ya ragu, kitsen wurin kuma ya nuna alamun lalacewa.

Sai wani lamari da ya faru a Kalifoniya a 1982. Wasu matasa 'yan ƙwaya sun yi wa kansu allurar wata hodar jabu, cikin 'yan kwanaki suka sandare kamar tsofaffin da suka shekara goma da Parkinson. Likita William Langston da abokan aikinsa suka gano cewa hodar ta gurɓata da wata guba mai suna MPTP. Daga baya aka fahimci cewa gubar tana shiga ƙwayoyin dofamin ne ta toshe injin da ke samar musu da ƙarfi. Wannan ya sa masana suka ce: idan guba guda na iya kawo cutar ta wannan hanya, watakila cutar ta yau da kullum ma haka take zuwa, watakila kuma mai kashe tsatsa zai tare ta.

Wani fitaccen likitan jijiyoyi na New York, Stanley Fahn, ya ba marasa lafiyarsa bitamin E da C masu yawan gaske, ya kuma ba da rahoton cewa sun ɗauki kusan shekara biyu da rabi fiye da wasu kafin su buƙaci babban maganin cutar. Sai dai shi da marasa lafiyar duk sun san abin da ake sha, kuma waɗanda ya kwatanta su da su na wani likita ne dabam. Shi da kansa ya ce sai an yi gwaji na sosai.

To an yi gwajin na sosai?

An yi, kuma yana cikin manyan gwaje-gwajen da aka taɓa yi a kan cutar. Sunansa DATATOP. An fara shi a 1987 a asibitoci da dama na Amurka da Kanada, da mutum 800 da cutar ba ta daɗe da kama su ba, waɗanda ba su kai ga fara shan levodopa, wato babban maganin cutar, ba. Aka raba su gida huɗu ta hanyar ƙuri'a: wasu bitamin E, wasu wani magani mai suna deprenyl, wasu duka biyun, wasu kuma ƙwayar wofi da babu komai a cikinta. Daga likitan har mara lafiyan babu wanda ya san gidan da mutum ya faɗa. Abin da ake aunawa shi ne tsawon lokacin da mutum zai ɗauka kafin jikinsa ya tsananta har ya buƙaci levodopa.

Adadin bitamin E ɗin ba na wasa ba ne: IU 2,000 a kullum (IU ma'auni ne da ake auna wasu bitamin da shi), wato sama da ninki hamsin na abin da jikin babban mutum ke buƙata. Da cikakken sakamako ya fito a 1993, deprenyl ya jinkirta buƙatar levodopa da kimanin wata tara. Bitamin E kuwa bai taɓuka komai ba, ko shi kaɗai ko tare da deprenyl. Masu shansa sun isa inda masu shan ƙwayar wofi suka isa, a daidai lokacin da suka isa.

Ko nasarar deprenyl ɗin ma an yi ta jayayya a kanta, domin maganin yana ɗan rage alamomin cutar, don haka da wuya a rarrabe ko ya kare ƙwaƙwalwa ne ko ya rufe ciwon ne kawai. Amma game da bitamin E, hukuncin bai sauya ba tun daga lokacin.

CoQ10 fa? Na ga ana sayar da shi da tsada, an ce na masu Parkinson ne.

Labarinsa kusan ɗaya ne, sai dai ya fi ban takaici. A 2002 wani ƙaramin gwaji na mutum 80 a Amurka ya nuna kamar waɗanda suka sha miligiram 1,200 a kullum cutarsu ta rage gudu. Jaridu suka ɗauka, kasuwarsa ta buɗe. Sai aka shirya babban gwaji mai suna QE3 da mutum 600, wasu na shan miligiram 1,200, wasu 2,400, wasu ƙwayar wofi, kuma kowa na shan bitamin E a kai. A 2011 aka dakatar da shi kafin wa'adinsa saboda ya bayyana ba za a ga wani amfani ba. Masu shan CoQ10 ɗin ma sun ɗan fi sauran tsananta, ko da yake bambancin bai kai a kafa hujja da shi ba.

Masu talla har gobe gwajin 2002 suke ambata. Na 2011 ba ya cikin takardar da suke rabawa.

Sauran 'yan gidan ma an bi su ɗaya bayan ɗaya. An gwada kiriyatin, wani sinadari mai taimaka wa ƙwayoyin jiki samun ƙarfi, a kan mutum 1,741, aka tsayar a 2013 ba sakamako. An gwada inosin, wanda ke ƙara sinadarin yurat mai kashe tsatsa a jini, sakamakon 2021 ya nuna bai rage gudun cutar ba, sai ƙarin tsakuwar ƙoda. An gwada deferiprone mai kwashe sinadarin ƙarfe daga ƙwaƙwalwa, a 2022 aka ba da rahoton cewa alamomin masu shansa sun ƙara muni.

A cutar Huntington da ALS fa?

A 1995 an buga sakamakon gwajin shekara guda a kan masu Huntington 73 da aka ba wasunsu IU 3,000 na bitamin E a kullum. Idan aka haɗa kowa da kowa, babu bambanci. An hango ɗan alamar amfani ga waɗanda cutar ba ta yi nisa da su ba, amma wannan tsintuwa ce da aka yi bayan an gama gwaji, irin wadda ba a gina magani a kanta. Babban gwajin CoQ10 na mutum 609 shi ma an dakatar da shi a 2014.

A ALS tarihin ya fi tsawo. Ɗan wasan Amurka Lou Gehrig, wanda Amurkawa ke kiran cutar da sunansa, an yi masa magani da bitamin E kafin ya mutu a 1941. Gwaje-gwajen da aka yi a Turai shekaru sittin bayan haka, har da wanda aka ba da miligiram 5,000 a kullum, ba su nuna ya tsawaita rai ba.

Akwai kuma motse-motsen baki da harshe da ke samun wasu da suka daɗe suna shan magungunan taɓin hankali. Ƙananan gwaje-gwaje sun ba da fata, amma wani mafi girma da aka yi a asibitocin tsofaffin sojojin Amurka, wanda ya fito a 1999, bai ga amfani ba.

Amma na karanta cewa masu cin abinci mai bitamin E ba su cika kamuwa da Parkinson ba. Ƙarya ne?

Ba ƙarya ba ne, amma tambaya ce dabam. Wasu bincike da suka bi dubban mutane shekara da shekaru sun ga haka. Wani da aka yi a kan ma'aikatan lafiya na Amurka ya nuna a 2002 cewa masu samun bitamin E da yawa daga abinci sun fi ƙarancin kamuwa, amma masu shan ƙwayarsa ba su sami wannan rangwame ba. Da aka ci gaba da bin waɗannan mutane aka sake lissafi a 2016, alaƙar ta dushe. Wani na Suwidin mai mutum sama da 43,000, wanda ya fito a 2021, ya sake ganin ragin kusan kashi ɗaya cikin uku ga waɗanda abincinsu ya fi yawan bitamin E ko C.

Abubuwa biyu ne ya kamata a riƙe. Na farko, wannan magana ce ta kamuwa, ba ta warkar da wanda ya riga ya kamu ba. Na biyu, mutumin da ke cin ganye da 'ya'yan itace da gyaɗa kullum ya bambanta da waninsa ta fuskoki da yawa: abin hannunsa, aikinsa, motsa jikinsa, ruwan da yake sha. Irin wannan bincike ba ya iya nuna cewa bitamin ɗin ne ya yi aikin.

Me ya sa abin ke aiki a kan ɓeraye amma ba ya yi a kan mutane?

A ɗakin gwaji, ana ba ɓera bitamin ne kafin a ba shi gubar, ko tare da ita. Mutum kuwa ba ya zuwa asibiti sai hannu ya fara rawa, kuma a lokacin wani babban kaso na ƙwayoyin dofamin ya riga ya mutu, cutar ta yi shekaru tana ci a ɓoye. Bayan haka ƙwaƙwalwa tana da shingen da ke tace abin da ke shigo mata daga jini, don haka cika jini da bitamin ba ya nufin ya isa inda ake buƙatarsa.

Akwai kuma yiwuwar cewa tsatsar hayaƙi ce, wutar tana wani wuri. A Parkinson wani furotin ne ke dunƙulewa a cikin ƙwayoyin. A Huntington wata ƙwayar gado ce da aka gano a 1993 take da maimaicin da ya wuce ƙa'ida. A 2023 wani bincike da likitocin Najeriya suka taka babbar rawa a cikinsa, ciki har da Farfesa Njideka Okubadejo ta Jami'ar Legas, ya gano wani sauyi a ƙwayar gado ta GBA1 da ke ƙara haɗarin Parkinson ga mutanen da asalinsu Afirka ne. Bitamin ba ya gyara ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ƙari a kan haka, an fahimci cewa waɗancan ɓurɓushi da ake yaƙa suna da nasu amfanin: jiki na aika saƙo da su, yana kuma kashe ƙwayoyin cuta da su.

Ke nan babu wata cutar motsi da bitamin E ke yi wa magani?

Akwai, kuma nan ne ya kamata hankali ya fi karkata, domin a nan ne rashin sani ke gurgunta yaro a banza.

Cutar ita ce ataksiya mai zuwa da ƙarancin bitamin E, wadda likitoci ke taƙaitawa da AVED. Ta gado ce. Hanta tana da wani furotin da aikinsa shi ne ɗora bitamin E a kan abubuwan da ke kai shi sassan jiki ta jini. Wanda ya gaji lalatacciyar ƙwayar wannan furotin daga uwa da uba duka, ko ya ci abinci mai kyau, hanjinsa zai tsotsi bitamin ɗin amma jikinsa ba zai iya riƙe shi ba. Yawanci tsakanin shekara 5 zuwa 15 alamomi ke fitowa: yaro ya fara tuntuɓe, ya kasa tafiya a duhu, maganarsa ta fara nauyi, rubutunsa ya lalace, wani lokaci kansa ya riƙa kaɗawa. Idan ba a yi komai ba, keken guragu ne makomarsa.

Shekaru da yawa ana ɗaukar waɗannan yara a matsayin masu ataksiyar Friedreich, wadda ta yi kama da ita ƙwarai kuma ba ta warkewa. A farkon shekarun 1990 ne likitan jijiyoyi na Tunisiya, Mongi Ben Hamida, wanda cibiyar cututtukan jijiyoyi ta ƙasa da ke birnin Tunis ke ɗauke da sunansa a yau, tare da masana na Faransa, suka nuna cewa wasu iyalan Tunisiya da ake yi wa kallon masu Friedreich wata cuta ce dabam ke damunsu, kuma bitamin E na jininsu ya yi ƙasa matuƙa. A 1995 aka gano ƙwayar gadon, mai suna TTPA. An fi samun cutar a Arewacin Afirka da kewayen Bahar Rum, musamman inda auren zumunci ya yawaita, tun da sai ƙwaya biyu sun haɗu take bayyana.

Maganinta bitamin E ne mai yawa, kimanin miligiram 800 zuwa 1,500 a kullum ga babba, har ƙarshen rayuwa. Yana tsayar da cutar inda ta kai, wani lokaci a sami ɗan sauƙi, amma abin da ya riga ya mutu ba ya dawowa. Ƙanen mara lafiya da aka gano yana da ƙwayar tun kafin alamomi su fito, idan aka fara ba shi da wuri, zai iya girma lafiya lau.

Haka kuma duk cutar da ke hana hanji tsotsar kitse, kamar toshewar hanyar ɗacin hanta ga yara, ko yanke wani babban sashe na hanji, tana iya jawo ƙarancin bitamin E har ya taɓa jijiyoyi. A duk waɗannan, ana mayar wa jiki abin da ya rasa ne. Mai Parkinson kuwa bitamin E na jininsa daidai yake da na kowa.

Ɗana yana tangaɗi yana faɗuwa. In fara ba shi bitamin E kawai?

A'a, a fara kai shi wurin likitan yara ko na jijiyoyi, a kuma tambaya ko za a auna bitamin E na jininsa kafin ya sha ko ƙwaya ɗaya, domin shan ta na iya ɓoye amsar. A faɗa wa likita idan iyayen 'yan'uwa ne, da kuma idan akwai wani a dangi mai irin wannan matsala. Tangaɗi na da dalilai da yawa, wasunsu na gaggawa, kamar ƙari a ƙwaƙwalwa. Wasu kuma suna da nasu maganin, kamar ƙarancin bitamin B12 ko cutar Wilson mai tara sinadarin tagulla a jiki.

Ko bai yi amfani ba, ai bitamin ba ya cutarwa. Ko ba haka ba?

Na cikin abinci ba ya cutarwa. Na kwalba mai yawa kuwa magani ne, kuma yana da illa kamar kowane magani. Babban mutum na buƙatar miligiram 15 na bitamin E a rana, bitamin C kuma miligiram 75 ga mace, 90 ga namiji.

A Finlan an ba maza masu shan taba sama da 29,000 beta-karotin ko bitamin E ko ƙwayar wofi, da fatan rage kansar huhu. A 1994 aka ga masu shan beta-karotin sun fi kamuwa da kashi 18 cikin 100. Wani gwajin Amurka makamancinsa an tsayar da shi a 1996 saboda dalili iri ɗaya. Gwajin SELECT, mai maza sama da 35,000, ya nuna a 2011 cewa IU 400 na bitamin E a kullum ya ƙara haɗarin kansar furostet, wadda ake yawan kira sankarar mafitsarar maza, da kashi 17 cikin 100. IU 400 ɗin nan shi ne adadin da ke rubuce a jikin kwalabe da yawa da ke kemis. Wani nazari na 2005 da ya tattara gwaje-gwaje 19 ya ga ɗan ƙarin mace-mace ga masu shan IU 400 ko fiye, ko da yake masana sun yi ta muhawara a kansa.

Bitamin E mai yawa yana kuma hana jini saurin daskarewa. Ga mai shan warfarin ko asfirin, ko wanda za a yi wa tiyata, wannan haɗari ne na gaske, kuma an danganta shi da ƙarin nau'in shanyewar ɓarin jiki mai zuwa ta fashewar jijiyar jini a ƙwaƙwalwa. Bitamin C fiye da miligiram 2,000 a rana yana kawo gudawa, yana kuma ƙara yiwuwar tsakuwar ƙoda. Wanda ake ɗurawa ta jijiya da yawa yana iya farfasa jajayen ƙwayoyin jinin mai ƙarancin G6PD (wani sinadari mai kare waɗannan ƙwayoyin jini), kuma wannan yanayi ne da ya yawaita a Yammacin Afirka, da yawa masu shi ba su ma sani ba.

Mahaifina yana shan levodopa. Akwai abin da zai yi karo da shi?

Ƙwayar ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe tana rage shigar levodopa jiki, don haka a raba su da aƙalla awa biyu. Da yawa daga kwalaben bitamin masu haɗe-haɗe suna da ƙarfe a ciki, a duba. Abinci mai furotin da yawa, irin su nama da wake da ƙwai da nono, shi ma yana gasa da maganin a hanji, shi ya sa likitoci kan ce a sha shi kamar rabin awa kafin cin abinci. Bitamin B6 mai yawa yana raunana levodopa idan ba a haɗa shi da carbidopa ko benserazide ba, kuma shi kansa B6 idan aka daɗe ana shansa da yawa yana lalata jijiyoyin ƙafa da hannu.

Abu mafi haɗari shi ne a dakatar da levodopa kwatsam don an samo wani "na gargajiya" ko "na ƙasar waje". Hakan na iya jefa mutum cikin sandarewa da zazzaɓi mai zafi har a rasa rai. A kuma kula da magungunan amai da na taɓin hankali irin su metoclopramide da chlorpromazine da haloperidol: suna tsananta Parkinson, suna ma iya haifar da alamominta ga wanda ba shi da ita.

Maƙwabcinmu ya ce tun da ya fara shan wani haɗin bitamin jikinsa ya saki. Ƙarya yake yi?

Mai yiwuwa gaskiyarsa yake faɗa. Cutar Parkinson na da ranakun sauƙi da na tsanani, kuma mutum yakan nemi sabon abu ne a ranar tsanani, sai sauƙin da dama zai zo ya zama ladan kwalbar. Sannan sa rai kansa yana aiki a wannan cuta fiye da yawancin cututtuka. A 2001 masana a Vancouver ta Kanada sun ɗauki hoton ƙwaƙwalen masu Parkinson bayan an yi musu allurar ruwan gishiri suna zaton magani ne, suka ga ƙwaƙwalwar ta saki dofamin da gaske. Wannan ne dalilin da ya sa ba a yarda da gwajin da babu ƙwayar wofi a cikinsa.

Lambar rajistar da ke jikin kwalba ma ba shaidar warkarwa ba ce. A Amurka, dokar 1994 ta ba da damar sayar da su ba tare da an tabbatar suna maganin komai ba.

Wane abinci ne ke da waɗannan bitamin?

Ba sai an je nesa ba. Bitamin E yana cikin gyaɗa da manta, da manja, da ganyaye irin su alayyafo da zogale. Bitamin C yana cikin gwaiba, lemu, gwanda, mangwaro, tattasai, da garin 'ya'yan kuka. Karas, kabewa, manja da dankali mai jan ciki suna ba da beta-karotin. Dogon dahuwa na kashe bitamin C, don haka ɗanyen ɗan itace ya fi. A guji gyaɗar da ta yi fumfuna, gubarta na lalata hanta. Ga mai Parkinson, ganye da 'ya'yan itace da yawan shan ruwa suna da wani amfani na nan take: suna sauƙaƙa taurin bayan gida, wanda ke cikin abubuwan da suka fi addabarsu kuma yake hana magani shiga jiki yadda ya kamata.

Masana sun haƙura da maganar tsatsar ke nan?

Ba su haƙura ba, sun sauya dabara. Maimakon zuba wa jiki bitamin daga waje, ana neman magungunan da za su tayar da dakarun jikin kansa. A Fabrairun 2023 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da omaveloxolone ga masu ataksiyar Friedreich 'yan shekara 16 zuwa sama, magani na farko da aka amince da shi don wannan cuta. Yana rage gudunta kaɗan. Edaravone, mai kama waɗancan ɓurɓushi, an amince da shi don ALS a Japan a 2015 da Amurka a 2017, amma amfaninsa ƙarami ne kuma har yanzu ana jayayya a kansa. Dukkansu magunguna ne masu tsadar gaske, na likita, ba bitamin ba.

Inda tunanin tsatsa ya fi amfani ga talaka shi ne gona. Maganin ciyawa na paraquat yana kashe tsiro ne ta hanyar haifar da irin waɗannan ɓurɓushi, siffarsa kuma ta yi kama da gubar da ta sandarar da matasan Kalifoniya. Bincike da dama sun danganta yawan mu'amala da shi da ƙarin haɗarin Parkinson, kuma Tarayyar Turai ta hana amfani da shi tun 2007. Manomin da ke feshi ba safar hannu, ba abin rufe hanci, yana gauraya magani da hannunsa, ya fi buƙatar kariya daga wannan fiye da kowace ƙwayar bitamin.

Kuɗinmu kaɗan ne. Me za mu fi ba muhimmanci?

Levodopa, a kan lokaci, ba tsallake. Tun ƙarshen shekarun 1960 da George Cotzias ya nuna yadda ake amfani da shi, babu maganin da ya kai shi sauƙaƙa alamomin Parkinson, kuma yawan katsewarsa saboda tsada ko rashinsa a kemis ne ke kwantar da mutane. Bayan shi sai motsa jiki: tafiya kullum, miƙe gaɓoɓi, atisayen daidaita tsayuwa, da ganin likitan gashin ƙashi idan da hali. A gyara gida don rage faɗuwa, a ɗauke tabarmar da ke naɗewa, a sa haske a hanyar banɗaki, a kafa abin riƙewa. Idan likita ya auna ya ga ƙarancin wani bitamin, kamar B12 wanda yakan ragu ga waɗanda suka daɗe a kan levodopa, sai a saya shi a adadin da ya rubuta, a kuma koma a sake aunawa lokacin da ya ce a dawo.